Takardar da ta ce kada a sayar mini da gidana

Tsohuwar da ta sayar mana da gidan ta bar mana abu uku a durowar kicin: makullin gareji, takardar garantin injin wanki wadda wa'adinta ya daɗe da wucewa, da wani kundi mai kaurin yatsu biyu, an ɗaure kansa da ƙarfe, takardunsa sun yi ja kamar an rataye su a madafa. A watan Oktoba na 2021 muka tare, a kudancin birnin Minneapolis, bayan na shekara goma sha biyu ina biyan haya a Amurka. Kundin na wurga shi saman firiji. Hankalina a lokacin yana kan bashin gida na shekara talatin da na sa wa hannu, da tunanin yadda zan riƙa kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida da kaina, tunda yanzu babu mai gidan haya da zan buga wa waya.

Sai wani dare cikin Janairu, sanyi ya kulle kowa a ɗaki, na sauko da shi. A jihar Minnesota irin wannan kundi shi ne salsalar fili. Duk wanda ya taɓa saye, ko ya jinginar, ko ya gada, ko kotu ta karɓe masa, an jera shi da lamba da kwanan wata, wane daga wane, sai ka ce isnadin hadisi. Lamba ta ɗaya gwamnatin Amurka ce ta ba wani Bature fili a shekarun 1850. Mutanen Dakota, masu ƙasar kafin nan, ko ambatonsu ba a yi ba. Daga nan gona ta yi ta raguwa, ana yanka ana sayarwa, har 1925 da wani kamfanin dillancin filaye ya yayyanka abin da ya saura fuloti-fuloti. A lamba ta 41 idona ya tsaya.

Sharuɗɗa ne jere. Gidan da za a gina kada kuɗinsa ya gaza dala 3,000. Kada a sayar da giya a wurin. A tsakanin waɗannan biyun, da rubutu iri ɗaya, ba a ko ƙara masa kauri ba, aka ce ba za a sayar, ko a jinginar, ko a ba da hayar wannan wuri ga duk mai jinin Sin, ko Japan, ko Mur, ko Turkiyya, ko Mongol, ko baƙar fata, ko Afirka ba. In an karya sharaɗin, fili ya koma hannun kamfani.

Na karanta wa uwargida. Ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Malam, sake karantawa." Na sake. Ta ƙirga da yatsa ta ce, "Ai mu sau biyu aka ambace mu. Su wane ne Mur kuma?" Na ce Musulmin arewacin Afirka. Ta ce, "To sau uku ke nan." Muka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Can ta ce, "Tsakani da Allah, gidan nan namu ne ko ba namu ba ne?"

Da safe na kira dillalin da ya yi mana cinikin. Ya ce in kwantar da hankalina, matacciyar magana ce, babu kotun da za ta saurare ta. Gaskiya ya faɗa. Amma ni ba tsoron kotu ne ya hana ni barci ba. So nake in san wa ya rubuta, wa ya karanta ya amince ya sa hannu, wa ya kwana a ɗakin da nake kwana yana sane da wannan layi. Wata abokiyar aikina a ɗakin gwaje-gwajen asibiti ta ce in je ƙungiyar tarihin gunduma.

Ban san da irin wannan abu ba, duk daɗewata a garin. Minnesota tana da gunduma 87, kuma da wuya ka sami wadda ba ta da ƙungiyar tarihinta. Ta jiha baki ɗaya an kafa ta tun 1849, ta girmi jihar kanta, wadda sai 1858 ta zama jiha. Ta gundumarmu, Hennepin, an kafa ta a 1938, yanzu ana kiranta Hennepin History Museum. Ba ofishin gwamnati ba ne. Ma'aikata 'yan kaɗan ne, sauran 'yan sa kai, ana tafiyar da ita da kuɗin membobi da gudummawa da ɗan tallafi. Mu a gida in an ce adana tarihi sai tunani ya tafi Arewa House a Kaduna ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, wuraren jami'a da gwamnati. Tarihin gida guda kuwa, a Zariya inda na tashi, tsohon unguwa ake nema, a kai masa goro, a zauna a zaure. Nan ba ni da tsohon unguwa, sai na aika imel.

Bayan kwana biyu amsa ta zo. Aka sa mini rana, aka ce in zo da adireshi da kuma bayanin filin kamar yadda yake a takarda, wato lambar fuloti, lambar rukuni, da sunan da kamfani ya raɗa wa yankin lokacin da ya yanka shi. Wannan bayani shi ne sunan yanka na fili. Adireshi laƙabi ne kawai, hukuma na iya canza shi.

Ranar wata Asabar ta Fabrairu na je. Wani katafaren gidan jan bulo ne a titin Third Avenue, daura da wani lambu, kusa da babban gidan kayan zane na birnin. An gina shi a 1919 don iyalin wani attajirin fulawa, don da niƙan alkama Minneapolis ta yi arziki, a bakin gangaren ruwan St. Anthony da ke kogin Mississippi. A lokacin suna baje kolin tarihin babbar hanyar 35W, yadda aka ratsa da ita ta tsakiyar unguwannin kudancin birnin a shekarun 1960. Na wuce ban tsaya ba, ina ganin ba abin da ya kawo ni ba ne.

A ɗakin bincike aka ce in ajiye jaka da biro, fensir kaɗai ake shiga da shi. Wadda aka haɗa ni da ita wata dattijuwa ce 'yar sa kai, tsohuwar malamar makaranta, gashi fari fat, tabarau rataye a wuya da igiya. Tun ranar a zuciyata Goggo nake kiranta, don ta yi kama da ƙanwar mahaifina wajen rashin son ɓata lokaci. Na buɗe mata lamba ta 41. Na zaci za ta riƙe baki. Ta karanta, ta gyaɗa kai, ta ce, "Eh, wannan lafazin na sha ganinsa." Abin ya ɗan sosa mini rai. Ni na kwana uku ban yi barcin kirki ba, ita kuma kamar an nuna mata rasidin wuta.

Ta juyo da kwamfuta ta buɗe wata taswira. Aikin wasu masu bincike ne a laburaren Jami'ar Minnesota, sun sa masa suna Mapping Prejudice, sun fara a 2016. Sun sa na'ura ta bi miliyoyin shafukan takardun filaye na gundumar tana tsamo masu kalmomin launin fata, sannan 'yan sa kai suka karanta ɗaya bayan ɗaya, kowace takarda sai mutum biyar sun duba ta. A cikin birnin Minneapolis kaɗai sun samo irin wannan sharaɗi sama da 8,000. Mafi tsufa da suka gano na 1910 ne, kuma lafazinsa kusan shi ne nawa, kamfanoni sun yi ta kwafa daga juna kamar 'yan makaranta a jarrabawa. Goggo ta rubuta adireshina. Fulotina ya fito da launi. Na maƙwabcina na dama ma haka, na hagu ma haka, layinmu duka, da na bayanmu, har bakin tafki. Ashe ba gidana aka tsana ba.

Daga nan ta ɗauki fensir ta rubuta mini yadda zan bi: katin izinin gini, sai littafin adireshin birni, sai taswirar inshorar gobara, sai ƙidaya, sai jaridu. Ta ce wasu suna nan wurinsu, wasu sai na je babban laburaren da ke tsakiyar gari ko na duba ta intanet, kuma kada in tsallake ko ɗaya, don kowanne shi ke gyara kuskuren na gabansa.

Na tsallake, mana. Na ga katin gini abu ne na magina, na zarce littafin adireshi. Wanda bai san Minneapolis ba, titunanta lamba gare su ta fuska biyu: waɗanda suka miƙe gabas da yamma da lambobinsu, da yawa daga waɗanda suka miƙe kudu da arewa ma da nasu, ga kuma Kudu ga Arewa a ƙarshen suna. Na ɗauki lambar gidana na ɗora a kan titin da ba nawa ba. Asabar biyu na yi ina bin wani kwandastan taragon cikin gari da matarsa da 'ya'yansu shida. Har na fara jin su a jikina, ina gaya wa uwargida lallai a ɗakin ƙasa yaran suke kwana, don ɗakunan sama ba za su ishe su ba. Da na kai wa Goggo, kallo ɗaya ta yi wa takardar ta ce, "Wannan gidan yana arewacin gari, mil shida daga naka." Ba ta yi dariya ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na koma kan katin. Ɗan ƙaramin kati ne, an buga shi da tafireta, birnin yana ajiye irinsa tun shekarun 1880. Nawa ya ce a bazarar 1926 aka ba da izinin gina gidan katako, an ƙiyasta kuɗinsa dala 4,200. A ƙasa an jera duk abin da aka ƙara daga baya: gareji, sabon rufi, gyaran wayar wuta. Taswirar kamfanin Sanborn, wadda aka zana don masu inshora su san abin da zai iya cin wuta, ta nuna shi da ruwan ɗorawa, alamar katako ke nan, na bulo kuma ruwan hoda ake sa musu. Har barandar gaba an zana, wadda yanzu aka rufe da gilashi, inda muke ajiye takalma.

Littafin adireshi ya ba ni mutumin. Kafinta ne, sunan matarsa a gefen nasa. Ƙidayar 1930 ta ƙara haske: a Suwidin aka haife shi, shi da iyayensa, 'ya'ya uku, da wani saurayi ɗan haya. A ƙidayar wannan shekarar akwai gurbin da ake tambaya ko gida yana da rediyo. Suna da ita. Wannan 'yar alamar ta tsaya mini a rai fiye da komai. Na zauna a falo ina kallon kusurwar da soket ɗin tsohon yayi yake, ina cewa nan suka ajiye ta. Baƙo ne kamata. Ya tsallako teku, ya zo da harshen da ba na gari ba, ya yi aikin hannu, ya tara, ya saya. Ko ya karanta layin kafin ya sa hannu? Ko Turancinsa ma ya kai? Na so in ji haushinsa, abin ya ƙi zama.

A Amurka ba a sakin sunayen da ke cikin ƙidaya sai ta shekara 72. Ta 1950 ranar 1 ga Afrilu 2022 aka sake ta, ana gobe azumi. Na farko da na yi bayan sahur ɗin farko shi ne buɗe ta. Kafinta ya rasu, matarsa ce mai gida, ɗiyarta da mijinta suna tare da ita. Na bi shafin da ido daga sama har ƙasa a gurbin launin fata. Harafi ɗaya ne, na farar fata, an maimaita shi da hannu layi bayan layi, shafi bayan shafi, har malamin ƙidaya ya gaji ya fara jan shi kamar igiya. Sharaɗin ya yi aikin da aka rubuta shi don ya yi.

Ranar da na koma da wannan, Goggo ta fito da wani fayil na yankakkun jaridu, ta ce in wanke hannu in karanta. Labarin Arthur Lee ne da matarsa Edith. Baƙar fata ne, ma'aikacin gidan waya, tsohon sojan da ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1931 suka sayi ɗan ƙaramin gida a kusurwar titin Columbus da titi na 46. Maƙwabta suka yi masa tayin kuɗi fiye da yadda ya saya don ya tashi, ya ƙi. Cikin watan Yuli mutane suka fara taruwa a ƙofarsa da dare, ana jifa, ana zagi, ana watsa wa bango baƙin fenti, har aka kashe musu kare da guba. A daren da abin ya fi ƙamari an ƙiyasta taron da mutum 4,000. Abokan aikinsa na gidan waya da tsofaffin sojoji ne suka riƙa yi masa gadi. Ya gaya wa 'yan jarida cewa lokacin da yake cikin taɓo a Faransa yana yaƙi saboda ƙasar nan babu wanda ya ce ya tashi. Lauyar da ta tsaya musu, Lena Olive Smith, ita ce baƙar mace ta farko da ta zama lauya a Minnesota. Sun daure har 1933, sannan suka koma unguwar da baƙaƙe suka fi yawa. 'Yarsu ƙarama 'yan sanda ke raka ta makaranta.

Na duba taswira. Daga gidana zuwa can tafiyar ƙafa ce. Yuli 1931, kafintana yana da shekara biyar a gidan, ga rediyo a falo. Mutum dubu huɗu ba daga sama suka faɗo ba. Ban ce yana cikinsu ba, ban kuma isa in ce ba ya ciki ba. Da yamma, kafin shan ruwa, na taka har wurin. Gidan yana nan, fari, ƙarami, an sa shi cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 2014, ga allon tunawa a kusurwa. Wata mata tana wucewa da kare ta ce mini sannu.

Wanda ya ƙarasa mini karatun ba a ɗakin bincike yake ba. Wani dattijo ne Ba'amurke baƙar fata da garejinsa ke kallon nawa ta lungun baya, mukan gaisa in mun fito da shara. Na nuna masa hoton lamba ta 41 a waya, ina tsammanin na zo masa da labari. Ya karanta ya miƙo mini. Ya ce mahaifinsa ya dawo daga yaƙi na biyu ya nemi gida a wannan yanki, aka yi ta yi masa hanya-hanya har ya haƙura ya sayi inda aka yarda a sayar masa, wajen titi na 38. Gidan gwaggonsa kuma yana ƙarƙashin kwaltar 35W yanzu. Ya ce, "Ɗana, kai takarda ka gani. Mu mun ga mutanen." Ba da faɗa ya faɗa ba. Amma na ji kunya, don na zo masa ina huci kamar ni aka yi wa, alhali ni da digirina da albashina na iso bayan an gama yaƙin, na tarar da ƙofa a buɗe. Asabar ta gaba na tsaya a baje kolin hanyar da na wuce a farko, na karanta shi tun daga allo na ɗaya.

A nan na fahimci abin da dillali ya kira matacciyar magana. A 1926 Kotun Ƙolin Amurka ta bar irin waɗannan sharuɗɗa suka ci gaba. Hukumar lamunin gidaje ta tarayya, da aka kafa a 1934, har ƙarfafa su ta riƙa yi, tana ganin unguwa mai sharaɗi ta fi cancantar bashi. Sai 1948 kotun ta ce ba za a ƙara tilasta su ta hanyar shari'a ba. Minnesota ta hana rubuta sababbi a 1953, dokar tarayya ta 1968 ta haramta wariya a cinikin gida gaba ɗaya. To amma a waɗannan shekarun ne aka gina unguwannin, aka saye su da arha, aka biya bashi, aka bar wa 'ya'ya gado. Shi ya sa har yau a wannan yanki, cikin iyalai huɗu na farar fata wajen uku suna zaune a gidan kansu, cikin huɗu na baƙar fata wajen ɗaya. Mu ma ba baƙin abin ba ne. Dokar garuruwa ta zamanin Lugga, ta 1917, ta sa a bar yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, kuma duk ɗan Zariya ya san Birni daban, Tudun Wada daban, Sabon Gari daban, ba kuma haka kawai suka tsiro ba. Sai dai mu ban taɓa jin wanda ya je neman takardar ba.

Na ce wa Goggo ina so a cire layin. Ta ce tun 2019 akwai dokar jiha da ta ba mai gida damar yin watsi da sharaɗin a hukumance, kuma birnin Minneapolis yana yi wa mutane kyauta ƙarƙashin wani shiri mai suna Just Deeds, wanda ofishin lauyan birni ya fara a 2021. Amma ta ce in sani, ba gogewa ake yi ba. Tsohuwar takarda tana nan yadda take, sabuwa ake ɗorawa a kanta. Na ce to mene ne amfanin? Ni so nake a yage shafin. Ta cire tabarau ta ce, "In aka yage, jikokina za su ce ba a taɓa yi ba. Ni kaina a irin wannan gida na girma, ban sani ba sai da na haura saba'in." Ban ba ta amsa ba. Har yanzu rabin zuciyata yagewa take so, amma na ga inda ta dosa. Ba don wani ya ajiye takardun nan masu ƙazanta ba, da dattijon lungunmu yana faɗa ana cewa ƙorafin tsufa ne.

Sauran aikin ba shi da wuya. Na cike fom ta intanet. Aka tambaya ko filina na tsarin salsala ne ko na tsarin Torrens, wanda shi takardar shaida guda ce kotu ta tabbatar, ba kundi ba. Nawa na salsala ne, shaida tana saman firiji. Ma'aikatan suka nemo asalin takardar 1925 daga rajistar gunduma, suka shirya takardar watsi, suka aiko. Ni da uwargida muka je gaban mai hatimin shaida a banki, muka nuna katin shaida, muka sa hannu. Uwargida ta sa atamfarta ta Sallah da mayafi, ta ce ba za ta je wannan sa hannu da kayan aiki ba. Mai hatimin, wani saurayi, ya karanta abin da muke watsi da shi, kunnuwansa suka yi ja, ya buga hatimi bai ce komai ba. Ko sisi ba mu biya ba. Bayan Babbar Sallah da 'yan makonni kwafi ya dawo da lambar rajista a goshinsa. Na huda shi na ɗaura a ƙarshen kundin.

Da na gaya wa Hajiya a waya, ta saurara har na gama, ta ce, "To, Allah ya sa albarka. Shi kafintan, ya bar zuriya?" Na ce ya bari. Ta ce, "In ka gan su ka gaishe su, gidan ubansu kake ciki."

Na yanki katin zama memba na ƙungiyar. Mujallarsu tana zuwa ta akwatin wasiƙa, da sanarwar laccoci da zagayen unguwanni a ƙafa in rani ya yi, inda wani zai tsaya a gaban tsohon shago ya yi minti ashirin yana bayanin wanda ya gina shi. Yawancin masu zuwa sun haife ni, kuma sau da yawa ni kaɗai ne baƙi a wurin. Wasu darare kuma nakan shiga shafin masu taswirar in karanta takardun wata gunduma, in zama ɗaya cikin biyar ɗin nan. In ka karanta talatin a jere sai ka daina jin komai, ka koma neman lambar fuloti kawai. A nan na yafe wa Goggo gyaɗa kan da ta yi ranar farko.

Wata rana na tambaye ta ko suna da wani abu a kan Hausawan garin. Ta duba ta ce ba ta ga komai da wannan suna ba. Sannan ta juyo ta ce, "Wa kake jira ya kawo?" Na ce mu ai ba mu da wani abin tarihi, jiya-jiya muka zo. Ta ce kafintan ma da ya sayi rediyo bai san tarihi yake yi ba.

Na tattaro abin da na samu: kwafin lamba ta 41 da takardar watsi, katin gayyatar sunan 'yarmu da aka yi a falon nan, da takardar sanarwar wani taron Sallah na 'yan gida da muka yi a wani lambu, rabi Hausa rabi Turanci. Aka ba ni fom na kyauta in sa hannu cewa na bayar har abada, aka ce sai masu kula da kayan sun duba kafin a ba su lamba. Goggo ta ɗauko sabon fayil, ta ce in fassara mata abin da ke jikin katin sunan tana rubutawa. Da muka zo kan "ƙarfe goma na safe" ta tsaya, ta sa tabarau, ta kusanto da katin, ta nuna harafin farko da bakin fensir. Ta ce wannan datti ne ko haka ake rubuta shi? Na ce haka yake, k ce mai lanƙwasa, in aka bar lanƙwasar wani harafi ne daban. Ta ce in rubuta mata babba a gefen takarda. Na rubuta. Ta kwaikwaya sau uku, na farko ya yi kama da sandar makiyayi, na ukun ya fito daidai, sannan ta rubuta shi a jikin fayil ɗin.